Hoto a cikin ruwa da gilashi: Yadda tsari da launi ke aiki

A shekarar 1932, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare da ke birnin Faris na ƙasar Faransa, wani matashi mai suna Henri Cartier-Bresson ya cusa idon kyamararsa ta wata kafa da ke jikin shingen katako. A ƙetaren shingen ruwa ya kwanta ya mamaye fili. Wani mutum sanye da hula ya bi ta kan tsanin da aka shimfiɗa a cikin ruwan, da ya kai ƙarshensa sai ya daka tsalle. A daidai wannan ƙiftawar ido aka ɗauki hoton.

Mutumin ba sananne ba ne, fuskarsa ma ba ta fito ba. Abin da ya ɗaga darajar hoton har ake koyar da shi a makarantu zuwa yau shi ne surar mutumin da ta bayyana a kan ruwan, kai a ƙasa ƙafa a sama, diddigensa na gab da haɗuwa da diddigen surar. Da an ƙara ɗan jinkiri kaɗan, da ƙafar ta faɗa ruwan, ya fantsama, surar ta watse. A can baya kuma, jikin bango, akwai fosta mai ɗauke da zanen wani ɗan rawa da shi ma ya yi tsalle, amma ya fuskanci ɗaya ɓangaren. Ita ma fostar ta fito a cikin ruwan. Tsalle huɗu ke nan a hoto guda.

Bahaushe kan ce ya ga inuwarsa a cikin ruwa, kamar yadda yake cewa ya zauna a inuwar bishiya. Sai dai inuwar bishiya duhu ce kawai, ita kuwa wannan tana zuwa da launi da kamanni, domin haske ne ya bugi ruwa ko gilashi ko ƙarfe mai sheƙi ya dawo wa ido. A kan irin wannan inuwa aka gina wani reshe guda na fasahar ɗaukar hoto. Saninta kuma ba na masu fasaha ba ne su kaɗai. Ɗan kasuwar da ya ɗauki hoton agogo ko waya a cikin akwatin gilashi don ya tura wa mai saye ta WhatsApp, ya tarar surarsa da ta fankar shagon sun rufe kayan, da wannan al’amari yake fama. Haka ma ma’aikacin da ya ɗauki hoto a ofis ba tare da ya lura da abin da tabaransa ko gilashin taga suka kwaso ba.

Dalilin da ya sa ake durƙusawa

Tun zamanin Girkawa aka san cewa haske yana barin madubi ne a kan kusurwa daidai da wadda ya sauka a kanta. Malamin nan na Basra, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya gwada wannan ƙa’ida da kayan aiki, ya kuma yi bayaninta a littafinsa Kitabul Manazir. Amma lissafin da ya fi amfanar mai ɗaukar hoto shi ne na Bafaranshe Augustin Fresnel, wanda ya rasu a 1827, domin shi ya nuna yawan hasken da ke dawowa.

Idan mutum ya tsaya a kan ruwa ya dube shi kai tsaye daga sama, kusan kashi 2 cikin 100 na haske ne kawai fuskar ruwan ke mayarwa. Sauran ya nutse. Shi ya sa wanda ya leƙa ruwan da ya kwanta a bakin titi ba ya ganin komai sai laka da leda da murfin kwalba. Idan ya ja da baya ya sunkuya har ganinsa ya zama digiri 10 kacal daga fuskar ruwan, abin da ke dawowa yakan kai kusan kashi 35. Yana ƙara yin ƙasa, ruwan na ƙara zama madubi.

Wannan ne ya sa ake ganin masu ɗaukar hoto sun durƙusa a bakin ruwa kamar masu neman wani abu da ya faɗi. Mai amfani da waya yana da dabarar da ta fi sauƙi: ya juya wayar kanta ya koma ƙasa, ta yadda idon kyamarar zai kusa taɓa ruwan. A wannan matsayi, ruwan da faɗinsa bai wuce faranti ba yana iya ɗauke bene mai hawa goma.

Akwai kuma batun saiti, wanda ke rikita masu koyo. Inuwar tana kan ruwa a ganin ido, amma a wajen kyamara nisanta shi ne nisan ruwan haɗe da nisan abin da ya bayyana a ciki. Idan ruwan na mita 2 daga mai ɗaukar hoto, hasumiyar masallaci kuma na mita 50 daga ruwan, to kyamara na ɗaukar surar hasumiyar a matsayin abin da ke nisan mita 52. Idan wayar ta kama ganyen da ke yawo a kan ruwan, hasumiyar za ta yi dishi-dishi. Idan ta kama hasumiyar, ganyen da tsakuwar gefe su ne za su dushe. Dole a zaɓi guda, a taɓa shi a fuskar wayar. Kowanne zaɓi na ba da hoto daban, kuma sau da yawa wanda ya dushe ɗin ne ya fi jan ido.

Inda ake ajiye layin tsakiya

Darasin farko da ake koya wa mai ɗaukar hoto shi ne ya raba hotonsa gida uku a tsaye da kwance, ya guji ajiye muhimmin abu ko layin sararin sama a tsakiya. Wannan shawara ta tsufa. Wani Bature mai zane, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797. Hoton inuwa na daga cikin ’yan wuraren da ake karya ta da gangan. Miliyoyin hotunan Taj Mahal na ƙasar Indiya ana ɗaukar su ne daga ƙarshen doguwar kwarmin ruwan da ke gabansa, ginin a sama, surarsa a ƙasa, layin da ya raba su a tsakiya. Haka ake yi a Salar de Uyuni na ƙasar Bolibiya, filin gishirin da faɗinsa ya haura murabba’in kilomita 10,000, inda ruwan damina ke kwanciya siriri ya mayar da shi madubi har a kasa gane ƙarshen ƙasa da farkon sama.

Irin wannan daidaito yana da kyau, yana kwantar da hankali, amma gaskiya yana saurin gundura. Hoton da rabinsa na ƙasa maimaicin na sama ne kawai, kallo ɗaya ya ishe shi. Ƙwararru kan nemi abin da zai ɗan ɓata daidaiton: kwalekwale a gefe guda, tsuntsu, ko zoben da ɗigon ruwa ya bari. Wasu kan cire ainihin abin gaba ɗaya su bar surarsa kaɗai, wani lokaci su kife hoton, sai mai kallo ya ga gini a tsaye amma ganye na yawo a sararin samaniyarsa. A hoton Cartier-Bresson, tsanin da wasu lanƙwasassun ƙarafa da ke kwance a ruwan su ne ke tuna wa ido cewa ruwa ne. Shi da aka san shi da ƙin datse gefen hotunansa, wannan ya datse shi, saboda katakon shingen ya tare ɓangaren hagu.

Gilashin shago

Gilashi ya fi ruwa rikitarwa, domin yana nuna abu biyu a lokaci guda: abin da ke bayansa da abin da ke gabansa. Kowace fuska ta gilashin taga na mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta kai tsaye, fuska biyu kuwa kusan kashi 8. Adadin ƙanƙani ne, amma idan waje rana ce tsaka, cikin shago kuma da duhu-duhu, wannan kashi 8 ɗin ya fi ƙarfin duk hasken da ke fitowa daga ciki. Sai gilashin ya zama madubi. Da dare lamarin ke juyawa: na waje ya ga na ciki tar, na ciki ya ga kansa.

Eugène Atget, wanda ya shafe kusan shekara 30 yana yawo a titunan Faris da katuwar kyamarar katako, ya ɗauki tagogin shagunan tufafi a titin Gobelins a 1925. A cikin hotunan, mutum-mutumi masu sanye da kwat suna tsaye, bishiyoyi da ginin da ke tsallaken titi sun ratsa ta jikinsu. Shi Atget yana sayar da hotunansa ne a matsayin kayan aiki ga masu zane, amma matasan masu fasaha na lokacin suka ga wani abu daban a cikinsu. Bayan rasuwarsa a 1927, Ba’amurkiya Berenice Abbott ta sayi kaso mai yawa na aikinsa ta adana, har gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya saye su a 1968.

Abin da ya zama fasaha a hannun Atget asara ce ga mai sayar da zobe ko turare. Maganin kuwa yana cikin lissafin da ya gabata: a ƙara haske a ɓangaren kaya, a rage shi a ɓangaren kyamara. A kunna fitilar cikin akwatin, a kashe ta saman kai, a juya wa ƙofa gefe. Farar riga na fitowa a gilashi fiye da baƙa, don haka mai fararen kaya ya sa yaron shago ya riƙe baƙin ƙyalle a bayansa. Idan hali ya yi, a manna idon wayar a jikin gilashin, domin a nan babu ratar da hasken baya zai shiga. Filashin waya kuwa, a gaban gilashi ɓarna kawai yake yi.

Akwai kuma matacin haske da ake ɗaurawa a bakin kyamara. Ɗan ƙasar Sikotilan David Brewster ya bayyana a 1815 cewa a wata kusurwa ta musamman, hasken da ya dawo daga ruwa ko gilashi yana kaɗawa ne ta fuska ɗaya tak. Ga ruwa, kusurwar na kusan digiri 37 daga fuskarsa. Matacin na tare wannan haske. Ana murza shi a hankali sai a ga inuwar tana ɓacewa, kifi ko kayan da ke bayan gilashi su bayyana. A murza shi baya, ta dawo. Yana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga kyamara, kuma ba ya aiki a kan tsurar ƙarfe ko madubi. Mai sayar da tukwanen silba ko kwanukan ƙarfe kada ya ɓata kuɗinsa a kai. Abin da zai taimake shi shi ne ya kewaye kayan da farin ƙyalle, tunda ƙarfe mai sheƙi abin da ke kewaye da shi yake nunawa.

Launi

Inuwa kusan kullum ta fi ainihin abin duhu, tunda wani kaso na hasken ya nutse. Wannan ragi alheri ne. Sararin saman da ya yi fari fat a hoto saboda ƙarfin rana, a cikin ruwa yakan dawo da shuɗinsa, gajimare ya fito da tsarinsa. Amma ruwan ma yana da nasa launin da yake zubawa a ciki. Ruwan da ya kwanta a kan jar ƙasa zai rina farin gini ya koma ruwan makuba, kuma hasken da ke tasowa daga lakar yana gogayya da surar har ya raunana ta. Madubi mafi kyau shi ne ruwan da ƙasansa baƙi ne: sabuwar kwalta bayan ruwan sama, ko rijiya, ko rami irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, inda ruwan baba ke ɗaukar sararin sama da surar marini a tsakanin kumfar da ke kansa. Ƙa’idar da masu sana’ar ke bi ita ce rana ta haska abin da ake son surarsa, ruwan kuma ya kasance a inuwa.

Batun haɗa launi da launi kuwa daga marina ya samo tushe. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Faris, wadda titin da Atget ya ɗauka ke ɗauke da sunanta. Ana ta ƙorafin cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya da ƙarfi. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launin da aka saƙa kusa da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa littafi a kan haka. Taƙaitaccen bayaninsa shi ne kowane launi na tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa: ja kusa da kore ya ƙara ja, shuɗi kusa da ruwan lemo ya ƙara shuɗi. Duk mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya san wannan a aikace, ko da bai taɓa jin sunan Chevreul ba, domin ya san wace zai jera kusa da wace.

Ruwa da gilashi na haɗa waɗannan kishiyoyi ba tare da an roƙe su ba. Bayan faɗuwar rana sama kan yi shuɗi mai zurfi, fitilun titi da na shaguna kuma su ba da rawaya da ja, jiƙaƙƙiyar kwalta ta kwaso duka biyun ta ja su dogaye. Ernst Haas, haifaffen birnin Biyana wanda gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya baje kolin hotunansa masu launi a 1962, ya ɗauki irin wannan a garin Albuquerque na Amurka a 1969: titi bayan ruwan sama, sama ta yi duhu, fitilun tallar otal-otal da gidajen mai sun zube a kan hanya. Titin kansa ba shi da wani kyau. Ruwan ne ya ninka fitilun.

A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya wannan shuɗin yakan daɗe. A Kano ko Abuja ko Damagaram bai fi minti ashirin da ’yan kai ba, kuma ya faɗo daidai lokacin sallar magariba. Sai dai irinsa na dawowa da safe, tsakanin idar da sallar asuba da fitowar rana, lokacin da iska ma ta fi kwanciya, ruwan tafki irin na Jabi bai fara motsi ba. Wanda ya iso da hantsi ya makara.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fanni shi ne Saul Leiter. An haife shi a Pittsburgh a 1923, ya koma New York a 1946 da niyyar zama mai zane, ya ɓuge da ɗaukar hoto a ’yan titunan unguwarsu. A lokacin manyan masu fasaha na raina hoto mai launi, suna ganin na ’yan talla ne. Leiter kan sayi fim ɗin da wa’adinsa ya wuce saboda ya fi araha, launinsa kuma ya fito a dushe, abin da ya zo daidai da ra’ayinsa. Yana ɗauka ta tagar da raɓa ta lulluɓe, ta gilashin mota, ta madubin shago, har mai kallo ya kasa tantance wane ne a ciki wane ne a waje. Darasinsa mafi girma shi ne tsimi. Mafi yawan hoton toka-toka ne ko baƙi, sai wuri guda ƙarami ya ɗauki ja ko rawaya: lema, ko motar haya, ko fitilar kan hanya. Launi guda a cikin duhu ya fi launi bakwai ƙara, kuma nan ne masu son cika hoto da kala ta manhajar waya ke yin kuskure. Duniya ba ta san darajar wannan aiki ba sai a 2006, da aka wallafa littafinsa Early Color, yana da shekara 80 da ɗoriya. Ya rasu a 2013.

Ta gaske da ta jabu

Yanzu akwai manhajojin da ke ƙirƙirar inuwa: su kwafi rabin hoto, su kife shi, su ɗan karkaɗa shi kamar ruwa. Ana iya gane su. Inuwar gaske ba kwafin abin da kyamara ta gani ba ce. Tana nuna abin ne kamar yadda za a gan shi daga ƙarƙashin fuskar ruwan. Wanda ya tsaya a gaɓa yana ganin cikin kwalekwale, amma a surar kwalekwalen cikinsa ba ya fitowa, gefensa ne ke fitowa. Gada kan nuna ƙasanta a cikin kogi. Dutsen da ya leƙo ta bayan bishiya, a cikin ruwa yakan yi ƙasa ko ya ɓuya. Idan sama da ƙasa sun yi daidai ɗigo da ɗigo, haskensu ma ɗaya, akwai alamar tambaya.

Masu binciken hotunan jabu sun mayar da wannan ma’auni. A 2012, James O’Brien da Hany Farid sun wallafa hanyar da ake jan layi daga kowane ɗigo na abu zuwa takwaransa a cikin madubi. A hoton gaske layukan duka kan nufi wuri guda, a wanda aka haɗa kuwa sukan saɓa. Hanyar na da amfani a yau da ake yaɗa hotunan ƙirƙirarriyar basira, domin madubi da ruwa na cikin wuraren da irin waɗannan hotuna ke yawan tuntuɓe.

Kamar yadda inuwa ke tona asirin mai ƙarya, haka take tona na mai gaskiya. A 2013, masu bincike biyu a Birtaniya, Rob Jenkins da Christie Kerr, sun nuna cewa ana iya gane fuskar mutanen da ke tsaye a gaban wanda aka ɗauka ta hanyar faɗaɗa surarsu da ta bayyana a ƙwayar idonsa, matuƙar kyamarar mai ƙarfi ce. A 2019 kuma ’yan sanda a Tokyo suka kama wani mutum da ya kai wa wata mawaƙiya hari, wanda ya shaida musu cewa ya gano tashar jirgin unguwarsu ne daga abin da ya bayyana a idonta a hotunan da take sakawa a intanet.

Ba sai an kai ga ƙwayar ido ba. Gilashin da ake shimfiɗawa a kan teburin ofis yana kwaso fuskar kwamfuta. Tabarau na kwaso takardar da ke gaban mai shi. Butar shayi ta ƙarfe, da fuskar talabijin da aka kashe, da ƙofar firji, da jikin motar da aka wanke don sayarwa, duk suna kwaso ɗaki ko tsakar gida da waɗanda ke ciki, har da matan gida da ba su san ana ɗauka ba. Kafin a tura hoton kaya ko na ofis, faɗaɗa shi da yatsa biyu a duba kowane wuri mai sheƙi ba ya cin fiye da rabin minti.